Gidan da Ake Fara Ƙirga Daga Biyu

A kudancin Biyetnam ba a kiran ɗan fari "na ɗaya". Ana ce masa Hai, wato Biyu. Mai bi masa shi ne Ba, Uku, sai Tư, Huɗu, sai Năm, Biyar, haka har a kai kan ƙaramin cikinsu, wanda ake kira Út. Mu muna cewa Auta, su suna cewa Út, kuma in ka ji yadda suke furta shi za ka rantse kalmar tamu ce aka guntule wa wutsiya. Dalilin tsallake ɗaya kuwa, kowa da abin da yake faɗi. Wanda aka fi ji shi ne wai don a rikita mugayen iskoki masu farautar ɗan fari: in sun zo neman na ɗaya sai su tarar babu shi, su wuce. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Mu ma idan mace mai wabi ta haihu, akan laƙaba wa jaririn Ajuji ko Ayashe, don mutuwa ta ɗauka ba a damu da shi ba.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma mu a wannan sana'a daga sifili muke fara ƙirga, don haka ba ni da bakin yi wa kowa dariya. Abin da sana'ar ta koya mini dai shi ne lura da gurbin da ya kamata a ce akwai abu a cikinsa amma babu.

Akwai abokin aikina a Hiyustan ta jihar Teksas, sa'ana ne, kuma shi ne autan gidansu. Auta nake kiransa tun ranar da na gaya masa ma'anar kalmar, shi kuma ya karɓa. Gidansu suna da gidan abinci a titin Bellaire, a kudu maso yammacin birnin, inda za ka yi tafiya mai nisa a mota kana karanta allunan shaguna da rubutun Biyetnam, in ka ɗan karkata kuma ka faɗa shagunan 'yan Najeriya masu sayar da garin rogo da manja. Gidan abincin ba babba ba ne, tebur goma sha huɗu ne. Mahaifiyarsu, wadda kowa har ma'aikata ke kira Má, ita ke riƙe da kicin. Babbar yayarsu ke riƙe da kanta da lissafi, ana kiranta Chị Ba, Yaya Uku ke nan. Na Huɗu likitan haƙori ne a wani gari, ta Biyar malamar makaranta ce. Na Biyu babu shi.

Ba don tarihi na fara zuwa wurin ba, miya ce ta kai ni. Da Auta ya gaya wa Má cewa ba na cin naman alade, kuma naman sa ma sai na san wanda ya yanka, ba ta ce uffan ba, ta shige kicin. Abin da ta fito da shi sunansa canh chua, miyar mutanen gaɓar kogin Mekong. Tarwaɗa ce a ciki, da kuɓewa, da tumatir, da abarba, da tsiron wake, kuma tsaminta na tsamiya ne. Tsamiyar dai da muke jiƙawa mu dama kunu. Mutumin da ya taso a Zariya, ya shekara uku rabonsa da gida, a ajiye masa tarwaɗa da kuɓewa da tsamiya a kwano ɗaya, ba sai an tambaye shi yadda ya ji ba. Akwai kuma wani ɗanɗano can ƙasa wanda na kasa ba shi suna sai daga baya, shi ne nước mắm, ruwan da ake tatsa daga ƙananan kifaye bayan an jera su da gishiri a manyan ganguna sun yi wata da watanni. Warinsa a kwalba zai kore ka daga ɗaki, amma miyar da babu shi lami ce. Aikin daddawa yake yi musu, kuma kamar daddawa, kowace uwa tana da wanda ta yarda da shi, sauran duk a wurinta jabu ne.

Na shekara biyu ina cin wannan miya ban san komai game da masu dafa ta ba in ban da sunan garinsu, Rạch Giá, wani garin masunta a bakin tekun da ke tsakaninsu da Tailan.

Korona ce ta shigar da ni cikin gidan. Tun a watan Fabrairun 2020, kafin a ce an samu mai cutar ko ɗaya a birnin, jita-jita ta kori mutane daga shagunan 'yan Asiya da ke Bellaire. A tsakiyar Maris kuma hukuma ta hana zama a ci abinci a ciki, sai dai a saya a tafi da shi. Kamfanonin da ke kai abinci gida ta manhaja suna yankar abin da ya kai kashi talatin cikin ɗari na kowace oda, ribar kwanon miya kuwa ba ta kai haka ba. Sai Auta ya ce mu haɗa musu ɗan shafin intanet nasu na kansu, mutum ya zaɓi abinci, ya biya, ya zo ƙofa ya karɓa. A ganinmu aikin mako guda ne. Muka zauna a teburin ƙarshe kusa da ƙofar kicin, kujeru duk an kife su a kan tebura, muka fara shigar da jerin abincin cikin rumbun bayanai.

Rumbun bayanai ba ya karɓar "ai ka gane". Kowane abu sai ka gaya masa sunansa, da kuɗinsa, da abin da ke ciki. To a nan ne tambayoyi suka fara, kuma kowace tambaya sai ta ja wata.

Na farko a jerin, kuma wanda ya fi kawo kuɗi, shi ne phở, romon ƙashin sa da ake dafawa tun dare da gasasshiyar citta da albasa da kirfa da kanumfari, a zuba a kan taliyar shinkafa. Duk duniya in an ce abincin Biyetnam shi ake nufi. Yaya Uku ta ce mini, tana dariya, Má ba ta taɓa dafa shi ba sai a Amurka. Abincin 'yan arewa ne, na wajen Hanoi da Nam Định, kuma bai bazu a kudu ba sai bayan 1954, lokacin da aka raba ƙasar biyu, mutane kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura daga arewa zuwa kudu da tukwanensu. A Saigon ya samu gindin zama, amma a garin masunta irin nasu wa zai ɓata dare a kan ƙashin sa ga kifi a ƙofar gida? Da suka buɗe shago a Hiyustan sai duk wanda ya leƙo ya tambayi phở. Má ta je ta yi wata shida tana wanke kwanuka a shagon wata mata 'yar arewa, tana kallo da wutsiyar ido, har ta iya. Wato abincin da baƙi ke ɗauka shi ne gadon gidan, koyonsa aka yi don a biya haya. Gadon na ainihi yana can shafi na uku, inda ba kowa ke kaiwa ba: miyar tsamiyar nan, da tarwaɗar da ake dafawa a tukunyar ƙasa da ƙonannen sukari da barkono har ta yi baƙi-baƙi, da cơm tấm, karyayyar shinkafa, wadda asalinta ragowar da manomi ke ci ce bayan ya sayar da mai kyan.

Sai muka zo kan firintar kicin. Rubutun Biyetnam da haruffan boko ake yin sa kamar namu, tun ƙamus ɗin da wani limamin Kirista, Alexandre de Rhodes, ya wallafa a 1651, amma harshen mai karin sauti ne, kuma suna rubuta karin a kan wasula. Wani harafin ma alama biyu yake ɗauka, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. 'Yar firintar da ke fitar da takardar oda tsohuwa ce, ba ta san wannan ba, sai ta zubar da alamomin ko ta watsa alamar tambaya a gurbinsu. Duk wanda ya taɓa ganin kwamfuta ta mai da "ƙaya" ta koma "kaya", ko "ɓari" ya koma "bari", ya san wannan ciwo. Nasu ya fi namu tsanani. Ka ɗauki haruffa biyun nan, m da a. Má uwa ce. Mà na nufin "amma". Mạ dashen shinkafa ne. Mã lamba ce ta sirri, da ita suke kiran irin rubutun da ni da Auta muke yi wa kwamfuta. Mả kabari ne. In kuwa babu alama ko ɗaya, ma, to fatalwa ce. Mun sa a rinƙa buga "don Má" a kan odar da ita kaɗai ke dafawa, sai firinta ta yi ta fito da "don fatalwa". Ma'aikatan kicin sun sha dariya, Má ba ta yi ba. Maganin da muka yi shi ne mu mai da rubutun hoto kafin a tura wa firintar, tunda hoto ba ruwansa da sanin harafi. Auta ya ce mini ba mu ne farkon masu wannan yaƙi ba: tun 1987 wani injiniya ɗan gudun hijira a Kalifoniya, Hồ Thành Việt, ya fito da tsarin VNI don 'yan'uwansa su iya buga harshensu a kwamfuta, shekaru kafin Unicode ya zo ya tara haruffan duniya wuri guda, har da ɓ da ɗ da ƙ namu.

Abu na ƙarshe shi ne ranakun hutu, don kada shafin ya karɓi oda ranar da shago ke rufe. Talata ba sa buɗewa. Sai kwana uku na Tết, sabuwar shekararsu. Sai Yaya Uku ta ce akwai wata rana ɗaya, goma ga wata na huɗu, amma ba Afrilu ba, na huɗu a lissafin wata. Na tambayi wane biki ne, don in san abin da zan rubuta a shafin. Ta ce in rubuta "an rufe" kawai, ta tashi ta shiga kicin.

A mota Auta ya gaya mini. Ranar da Na Biyu ya rasu ce.

Abin da ya faru da su ya faru da dubban ɗaruruwa. Saigon ta faɗi ranar 30 ga Afrilun 1975. Mahaifinsu ƙaramin hafsa ne a sojan kudu, sabuwar gwamnati ta ce irinsu su kawo kansu don 'yan kwanaki na "sake tarbiyya", su zo da guzuri kaɗan. Ya shekara uku a sansani yana sare daji. Da ya fito ya tarar an hana kasuwanci mai zaman kansa a kudu tun Maris na 1978, ana kwasar iyalai ana kai su dazuzzukan da aka kira sababbin yankunan tattalin arziki, 'ya'yan tsofaffin sojoji kuma an rubuta musu tarihin ubansu a takarda, duk inda suka nemi makaranta ko aiki sai ya riga su isa. Wurin zama a jirgin ruwa da zinariya ake sayensa, ma'auninsu lượng, giram 37.5, kuma babba sai ya ba da da yawa. Má ta sayar da duk abin da aka yi mata na aure, ta karɓo sauran wurin 'yar'uwarta. Suka fita da dare a 1979, a jirgin kamun kifi na kogi wanda ba a ƙera shi don teku ba, mutum sama da sittin a ciki, da yaro ɗan shekara shida da yarinya 'yar shekara huɗu.

A rana ta biyu injin ya mutu. Ruwan sha ya ƙare a ta huɗu. 'Yan fashin teku sun hau jirgin, sun kwashe zobba da agoguna, kuma Auta ya ce duk abin da aka taɓa gaya masa game da wannan ranar ke nan, shi ma bai ƙara tambaya ba. Yaron zazzaɓi ya kama shi, ga ƙishirwa. Ya cika kwana ɗaya kafin su hango ƙasa. Uban ne ya naɗe shi a rigarsa ya sa shi a ruwa. Ba shi da kabari.

Tsakanin 1975 da 1995 mutum kusan 800,000 ne suka isa wata ƙasa da rai ta wannan hanya. Waɗanda teku ta ci ba wanda ya ƙirga su, ƙiyasin da aka fi ambata yana farawa ne daga 200,000. Su an kai su tsibirin Bidong na Malesiya, ɗan tsibirin da za ka zagaye da ƙafa, wanda a tsakiyar 1979 mutum wajen 40,000 suka cushe a gefe ɗaya nasa, a bukkokin buhu da katakon fasassun jirage. A watan Yulin shekarar ne aka yi taro a Janeba, ƙasashen yamma suka yarda su ƙara yawan waɗanda za su ɗauka, a Maris na 1980 kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar 'yan gudun hijira ta Amurka. Waɗannan ranaku su ne ke cikin littattafai. Abin da Yaya Uku ke tunawa da Bidong shi ne sardin na gwangwani, wanda har yau ko warinsa ba ta so, da kuma uwarta tsugune gaban murhun da aka yi da gwangwanin biskit, tana soya wainar garin shinkafa tana sayarwa, wata biyu bayan ta rasa ɗanta. Gidan abincin a can ya fara, in ana son gaskiya.

Wani coci ne ya ɗauki nauyinsu zuwa Teksas. Uban ya koma abin da ya sani tun yana yaro, ya shiga jirgin kamun jatan lande a mashigin Galveston. Nan ma ba a bar su sun sha ruwa ba. Masuntan wurin sun ga baƙi masu aiki ba dare ba rana, iyali guda a jirgi ba a biyan kowa albashi, sai gaba ta tashi. A 1981 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka shigo cikin rigimar, suka yi gangami suka ƙona jirgi don gargaɗi, suka zagaya mashigin a jirgin ruwa da fararen rigunansu da bindigogi. Masuntan Biyetnam suka kai ƙara kotun tarayya, kuma a watan Mayun shekarar alƙaliya Gabrielle McDonald, baƙar fata ta farko da ta hau wannan kujera a Teksas, ta ba da umarnin a daina yi musu barazana. Sun ci shari'a, amma Má ta ce teku ta ishe ta. Ta karɓi ɗa, ba za ta zauna kullum tana jiran ko za ta dawo da miji ba. Da kuɗin jirgin da suka sayar, da adashin da matan garinsu ke yi, wanda suke kira hụi, suka kama shago a tsakiyar birni, inda 'yan Biyetnam suka fara taruwa. Da haya ta yi tsada a can suka bi jama'a zuwa Bellaire. Uban ya rasu shekaru kaɗan kafin in san su. Hotonsa na kan wata 'yar kanta a bayan wurin biyan kuɗi, da turaren tsinke da lemo a gabansa. Kusa da shi akwai ƙaramin kofi da ake cikawa da ruwa kowace safiya, babu hoto a bayansa, don hotunan yaron sun tafi tare da jakar da 'yan fashi suka ɗauka. Na sha ganin kofin nan, na ɗauka na uban ne.

Má ba ta ambatar sunan yaron. Hajiyarmu ma ban taɓa jin ta kira sunan babban wanmu ba, sai dai ta ce "wannan" ko "yaron nan", ga shi da furfura. Amma tata alkunya ce ta ɗan fari, kuma yana nan da ransa, yana shigowa ya gaishe ta kullum da safe.

To, a kan wannan labari ne aka samu saɓani, ni kuma ina zaune a tsakiya da kwamfuta a cinya. Auta yana so a yi wani sashe a shafin mai suna "Labarinmu". Hujjarsa mai ƙarfi ce. Shago na neman durƙushewa, kuma a Amurka labari yana sayar da abinci fiye da gishiri. Kwalbar yajin nan mai hoton zakara da ke kan kowane tebur, Huy Fong, ai sunan jirgin da ya fito da mai kamfanin, David Tran, daga Biyetnam ne aka sa mata, kuma ba wanda ya ce ya yi abin kunya. Ya ce in mutane suka san abin da matar nan ta ratsa kafin ta tsaya gaban tukunya, za su tsallake shaguna goma su zo nata. Ya kuma faɗi wani abin da ya fi wannan nauyi: shi kansa sai da ya shekara ashirin kafin wata gwaggonsu ta gaya masa yadda wansa ya rasu. 'Ya'yansa biyu ba sa jin harshen. In ba a rubuta ba, nan da shekara talatin kofin ruwan nan zai zama kofi kawai.

Má ta saurare shi har ya gama, tana tsinke ganye. Yaya Uku ce ta fassara mini amsarta. Ta ce, "Mutane abinci suka zo ci, ba ta'aziyya suka zo yi mini ba. In miyata ba ta isa ta kawo su ba, a rufe shagon." Sai ta juyo gare ni, da ɗan Turancinta, ta kira ni da kalmar da take kiran 'ya'yanta, con, ta ce, "Ɗana, kai ka ci shekara biyu. Ka san labari?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ka dawo?" Na ce na dawo. Ta ci gaba da tsinke ganyenta.

Ni dai a raina bayan Má nake, ko da yake ba a tambaye ni ba. Na ga irin waɗannan shafuka da yawa, kuma akwai yadda suke niƙe wahalar mutane ta koma gari ɗaya: jirgi, teku, isowa, nasara, ga lambar waya a yi oda. Mai karantawa ya ji tausayi na minti ɗaya, ya ji shi mutumin kirki ne da ya sayi miya. Yaron da aka sa a ruwa ya zama kayan talla, alhali uwarsa ko sunansa ba ta iya furtawa. Amma ban ga laifin Auta ba. Ina da 'ya 'yar shekara biyar da aka haifa a nan, in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, kuma na san tsoron da ke cinsa. Bambancina da su dai babba ne, ba na so in rage shi: ni da biza na zo, a jirgin sama, kuma duk ranar da na ga dama zan sayi tikiti in je in ci tuwon Hajiya. Su sai bayan da Amurka ta ɗage takunkumi a 1994, aka maido da hulɗa a 1995, hanya ta buɗe sosai. Na Huɗu da Ta Biyar sun je sun ga Rạch Giá. Má ta ce ba za ta bi ta saman wannan ruwan ba, ko a jirgin sama ne.

Yaya Uku ce ta raba gardamar, kuma ita ke da hakki, tunda ita kaɗai ce cikin 'ya'yan ta shiga jirgin. Ta karɓi kwamfutar ta rubuta layi uku: daga Rạch Giá muke, iyali ɗaya ne ke dafawa tun ranar da aka buɗe, ba ma buɗewa ran Talata. Shi ke nan abin da ke shafin har yau. Ta kuma ce wa Auta in labari yake so don 'ya'yansa, ya zo kicin da asuba ya ajiye wayarsa kusa da tukunya, don Má ba ta magana a zaune, sai hannunta na aiki. Ya yi hakan. Yanzu yana da sauti na awa goma sha wani abu, rabinsa ƙarar wuƙa ce da tafasar ruwa, kuma bai sa ko minti ɗaya a intanet ba.

Ranar rufewar ta ba ni aiki fiye da duk sauran shafin. Kalandarsu ta wata ce, amma ba kamar ta Hijira ba, wadda ke zagaya damina da rani. Su sukan ƙara wata guda kusan duk shekara uku don lissafin ya tsaya daidai da lokacin shuka. Shi ya sa goma ga wata na huɗu ya faɗo farkon Mayu a 2020, a 2023 kuma sai ƙarshen Mayu. Ba za ka ɗauko kalandar Chaina ka ce ta wadatar ba, don agogon Biyetnam yana bayan na Chaina da awa ɗaya, kuma in jaririn wata ya kama kusa da tsakar dare sai ranakun su bambanta: a 2007 'yan Biyetnam sun yi sabuwar shekara ran 17 ga Fabrairu, 'yan Chaina ran 18. Wani abin kuma, shekarar 2020 da muke aikin wata na huɗu biyu gare ta, na asali da na ƙari. Na sa Auta ya tambayi Má wanne za a bi. Ta ce na farko, yaro ba ya jira.

A ranar suna dafa abin da yake so, su jera a gaban kofin, dangi su taru su ci. Ba na zuwa, su ma ba su taɓa matsa mini ba. Washegari dai nakan tarar an ajiye mini miyar tsamiya da aka dafa daban a wata tukunya.

Shagon ya tsallake korona. Abin da ke gabansa yanzu ya fi korona wuyar magani. Má ta haura saba'in, tana tsayuwa awa goma a rana. Yaya Uku gwiwoyinta sun fara ba ta matsala, ita da ta bar jami'a a shekara ta biyu don ta tsaya a kanta, da kuɗin kantar kuma aka yi karatun likitan haƙori da na malama da na Auta. In ka tambayi Má wa zai gaje ta, sai ta ce ba ta ratsa teku don jikanta ya wanke kwano ba. A wurinta shagon tsani ne, an hau an wuce. Amma 'yar Yaya Uku, wadda ta karanta harhaɗa magunguna, ta fara zuwa ran Lahadi da ɗan sikelin awo, tana auna tsamiya da sukari da ruwan kifi kafin kakarta ta zuba, tana rubutawa. Má tana barinta ta auna, in yarinyar ta juya sai ta ƙara wani abu da hannu. Yarjejeniyar hayar shagon za ta ƙare baɗi, mai ginin ya riga ya faɗi sabon kuɗinsa, kuma har yanzu ba su ba shi amsa ba.

Da na gama lissafin ranakun, sai na zuba su a jadawali har zuwa 2050, don kada wani ya sake shan wahalar. Na nuna wa Yaya Uku a waya. Ta sa tabarau, ta ja jerin da yatsa a hankali har ƙasa, tana motsa baki. Ta ce a 2050 shekarunta saba'in da biyar, shi kuma da yana da saba'in da bakwai. Sai ta ce in buga mata shi a takarda, da manyan haruffa, kwafi huɗu, kowane ɗa ya samu ɗaya.